Yadda Ake Ɗinka wa Tashar Mota Dodo

Idan kai ɗalibin zane ne, malaminku kuma ya koro ka gida da aikin ƙarshen shekara, ya ce ka zaɓi wani wuri da kowa ya sani a garinku ka ƙirƙira masa maskot, to kwantar da hankalinka, ka faɗo hannun gwani. Maskot, ga wanda bai sani ba, shi ne ƙaton abin nan mai kai kamar randa da kake gani a talabijin yana tsalle a bakin filin ƙwallo, alhali wani bawan Allah ne a ciki yana wanka da gumi. Mu nan ba ma wahalar da harshe, dodo muke ce masa.

Bi matakan nan yadda na jera su, kada ka tsallake ko ɗaya. Na yi maka alkawari garinku ba zai taɓa mantawa da kai ba, jikokinka ma sai an riƙa nuna su a hanya. An gwada hanyar, ta yi aiki. Muhammad Awwal, wanda ake kira Awwalu, ya bi ta daga farko har ƙarshe a wani gari da ke tsakanin Faskari da Sabuwa. Ba zan faɗi sunan garin ba, don har yanzu a can nake sayen masara.

Mataki na ɗaya: Zaɓi wuri da wata manufa a ƙasan ranka

Kada ka zaɓi wuri don kyansa, ba yawon buɗe ido aka aike ka ba. 'Yan ajin Awwalu wasu sun ɗauki kasuwa, wasu rijiyar burtsatse, wata yarinya ma injin niƙa. Shi tashar mota ya ɗauka, wurin da ba abin gani sai baƙin mai, ƙudaje da motocin da sai an tura suke tashi. Ya gaya wa malaminsa wai tasha ita ce zuciyar gari, malamin ya gyaɗa kai. Ba wata zuciyar gari. Mahaifinsa Alhaji Yusha'u shi ne Sarkin Tasha, Awwalu kuwa ɗan fari ne.

Ka san yadda ake yi da ɗan fari a gidajenmu. Uba ba ya kama sunansa, ba ya yabonsa, in an fara hirarsa ma sai ya tuna da wani aiki a waje. Kunya ce ta gado. Iyayen zamani sun fara sassautawa, amma Alhaji Yusha'u ya riƙe tasa kamar sitiyari a gangara. Tun da Awwalu ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba. In yana nesa "wancan" ne, in yana kusa "kai", in ran Alhaji ya ɓaci kuwa "mai fentin nan". Ƙannensa Mansura da Hafiza kullum ana ƙwala musu kira har maƙwabta sun gaji. Kowa ya gaya wa Awwalu ba ƙiyayya ba ce, shi ma ya sani. Duk da haka abin yana cin sa, da shi ya girma.

To ga dabarar da ya ƙulla. Ranar da za a nuna dodo, dole Sarkin Tasha ya riƙe lasifika ya gaya wa jama'a wanda ya yi aikin, kuma ba a gabatar da mutum gaban taro da "wancan". Sau ɗaya kawai yake so ya ji, ko da a gurguje ne. Makin makaranta ma bai dame shi kamar wannan ba.

Mataki na biyu: Kafa kwamiti

Aikin da ka yi kai kaɗai, in ya lalace kai kaɗai za a zaga. Saboda haka tara dattawa, ka durƙusa, ka ce shawararsu kake nema.

Kwamitin Awwalu a rumfar tasha ya zauna. Akwai Alhaji Yusha'u, da Malam Yahuza limamin masallacin tasha, da Baba Ɗanhausa, tsohon ɗan dako wanda ya loda buhunan masara har bayansa ya daina miƙewa. Laraba mai tuwo ba a gayyace ta ba, amma teburinta a jikin rumfar yake, don haka ita ta fi kowa magana.

Ya fara nuna musu zanen jaki. "Direbobin namu ka maida jakkai?" in ji Malam Yahuza. Ya nuna kunkuru, Laraba ta ce wannan kam ya dace da yadda mota ke rarrafe a hanyar Sabuwa, amma ita ba za ta goyi baya direbobi su daina cin tuwonta ba. Ya nuna kura, kowa ya waiga wajen 'yan kamasho, aka wuce. Zakara da doki kuwa an ce sun yi kama da fastar siyasa. Sai ya fiddo damo, wanda shi ya fi ɓata wa lokaci.

Baba Ɗanhausa ya dafe takardar. "A'a ɗana, aje damo. Kan gidanmu ne. Tun kakanni ba mu kashe shi, ba mu cin shi, in ya shigo gida sai dai a ba shi hanya. Na yi salla tun ba a haihe ka ba, amma ba ni tsayawa ina kallo a sa shi rawa gaban 'yan acaba."

"Ni abin da zan ce," in ji Malam Yahuza, "kada a kwaikwayi halittar Allah. Duk abin da za a yi, ya zan bai yi kama da komi mai rai ba."

Idan ka sami irin wannan hukunci, ka yi godiya. An sauke maka nauyin iya zane ke nan gaba ɗaya.

Mataki na uku: Karɓi shawarar kowa, amma kada ka haɗa su ka duba

Alhaji Yusha'u bai kalli ɗansa ba a duk zaman nan, rediyonsa yake ta murɗawa. Da za a tashi ya ce, "Malam, a hwaɗa ma wancan, in dai abin tasha ne, a naɗa mashi rawani. Wuri ne mai sarki." Awwalu ya ji kamar an ba shi kujerar Makka, tunda yau uban ya sa baki a aikinsa.

Baba Ɗanhausa ya tare shi a bakin hanya ya ce a ba dodon ƙarfe ya riƙe, don a san ma'aikaci ne ba ɗan zaman banza ba. Wani bakanike ya ba da tsohuwar salansar mota, doguwa, baƙa wuluk. Laraba ta ce a sa masa riga mai kauri irin ta direbobin tirela. Abokinsa Mas'ud, ɗan acaba, ya zagaye 'yan gwanjon Ƙanƙara kaf, abin da kawai ya samu da zai rufe ƙaton ciki shi ne wata jaket mai dabbare-dabbaren kore da ruwan ƙasa, irin ta sojoji.

Kowace shawara ita kaɗai mai kyau ce. Kuskuren da masu koyo ke yi shi ne su zauna su haɗa su a zuci su ga abin da zai fito. Kai kada ka yi, ba lissafi aka tura ka karanta ba.

Mataki na huɗu: Kada ka yi rowar soso

Kan dodo shi ne dodo. Awwalu ya kifa babban kwando, ya yanka tsohuwar katifar gidansu, ya yi ta liƙa soso bisa soso har kan ya ƙi wucewa ta ƙofar ɗaki. Ya huda ido biyu, kowanne kamar bakin kwalba, ba ka ganin komai ta ciki sai abin da ke gabanka sak. Bakin ya fito a karkace, sai ya ja rawani ya rufe shi, ido kawai ya bari. Salansar kuma ta ƙi riƙuwa da safar hannu, ya ɗaura mata igiya ya rataya a kafaɗa.

Ya sa kan don gwaji, Mansura ta tsaya a gefensa tana dukan tasa da muciya. Ko ƙis bai ji ba, sai numfashinsa. Ya yi murna, ya ce ihun yara ba zai ruɗa masa rawa ba.

Madubin gidan bai fi tafin hannu ba, don haka Awwalu ya ga rawani, ya ga aljihu, ya ga igiya, amma bai taɓa ganin dodonsa gaba ɗaya ba. Mahaifiyarsa Hajiya Lauratu ce ta gani. Ta fito da tsintsiya ta yi kiciɓis da abin a tsakar gida, tsintsiyar ta faɗi. Ta san da me ya yi kama, duk macen da ta taɓa goya yaro ta ruga daji a yankin nan ta sani. Ta buɗe baki, sai ta tuna aikin ɗan fari ne, ita ma kuma kunyar nan tana kanta. "Mansura, ce ma yayanki..." Ta tsaya. "Bar shi dai. Allah shi kyauta." Ta ɗauki tsintsiyarta ta koma ɗaki.

Mataki na biyar: Yi wa jama'a ba-zata

Dodon da aka riga aka gani ya zama tsumma. Ɓoye naka. Zaɓi ranar kasuwa, lokacin da tasha ta cika maƙil. Kada ka sanar da 'yan banga, za su fesa wa matansu, matansu su fesa wa gari. Kada ka biyo titi, biyo hanyar gonaki ta bayan tasha, wadda ta fito daga daji.

Kan ba ya shiga mota, saboda haka babur za a hau. Mas'ud a gaba, Awwalu a tsakiya, wani abokinsu a baya yana tallafe da kan kada iska ta ɗauke. Sauran 'yan acaba suka ce ai ba za a bar dodon gari ya shigo shi kaɗai kamar maraya ba, za su yi masa rakiya, kowa da goyonsa. Su sun san wanda ke cikin rigar, don haka dariya kawai abin ke ba su. Aka tsayar da shawara a shigo a guje, don abin ya yi armashi.

Wani zai ce maka shekarun nan 'yan bindiga sun koya wa mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ma'anar babura masu goyon uku-uku suna fitowa daga daji ranar kasuwa, fuska a rufe, baƙin ƙarfe a kafaɗa. Zai ce maka a nan in ka ga mutum yana gudu, gudu kake yi, sai an tsaya ake tambaya. Kada ka saurare shi. Irin waɗannan mutane su ne suka hana ƙasar nan ci gaba a fannin zane.

Mataki na shida: Yi rawarka, kada ka damu da 'yan kallo

Ranar ta zo, aka jera benci, aka aro lasifikar hannu ta mai tallan maganin basir. Har wakilin wani ɗan siyasa ya zo, ya yi alkawarin hanyar nan da ake mana alkawarinta tun ina yaro, aka tafa masa kamar ba a taɓa ji ba.

Alhaji Yusha'u ya miƙe. Ya gode wa Allah, ya gode wa mai gari, ya gode wa direbobi da 'yan kamasho da masu faci. Da ya zo kan wanda ya yi aikin sai ya yi tari, ya ce, "Shi kuma yaron da ya yi abin, Malam Yahuza zai hwaɗi sunanshi," ya miƙa lasifika. Dattijo ne, ya hango tarkon tun ranar da aka ɗana shi.

Malam bai kai ga karɓa ba babura suka ɓullo.

Laraba ce ta fara gani. "Ga su nan!" Abin da ta ce ke nan, ba kuwa wanda ya tambaye ta su wa. Tukunyar miya ta kife, benci suka bi ta. Malam Yahuza ya tsallake kwalbatin da ko samari kewaya shi suke yi. Bayan Baba Ɗanhausa ya miƙe sambal. Wakilin ɗan siyasa ya riga kowa shiga mota, direbansa kuma ya riga shi barin ta. 'Yan rakiya, har da Mas'ud, da suka ga gari na gudu sai suka zubar da babura suka bi gari, a zatonsu wani abu ne ya biyo su daga baya.

Awwalu ya tashi daga ƙasa ya gyara rawani. Ta ramukan idon nan ya hango mutane suna tsalle, hannuwa a sama, baki a buɗe. Daɗi ya kama shi, bai taɓa zaton za a karɓi aikinsa haka ba. Ya sauke salansa daga kafaɗa ya ɗaga ta sama don gaisuwa, ya shiga rawar da ya daɗe yana koyo a ɗaki.

'Yan banga kuwa sun riga sun laɓe a bayan wata motar masara, bindigogin toka a saiti. Shugabansu yana ta ihu a jefar da makami, a kwanta ƙasa. Dodo ya juya ɗuwawu ya karkaɗa musu. Sai da rawar ta juyo da shi sannan ramin ido ya faɗa kan bakin bindiga, ya ƙara juyawa ya ga wata. Nan take ya daina rawar. Ya kai hannu zai cire kan, ashe Mas'ud ya ɗaure shi ta baya tamau don kada ya faɗi a hanya. Ya yi ta kiran sunan kansa a ciki, soso yana shanyewa.

Mataki na bakwai: Tsaya cak, ka bar sauran ga ubanka

Wannan matakin ba naka ba ne, kuma ba kowa ke samun mai yi masa ba.

Mutum ɗaya ne bai gudu ba. Ko rawanin Alhaji Yusha'u ya gane, ko tsayuwar nan ta ƙafa ɗaya a karkace wadda duk gidansu ke yi, Allah ne ya sani. Ya tako da lasifika a hannu, ya shiga tsakanin dodo da bindigogi, ya buɗe babbar rigarsa ya kare shi.

"Alhaji, kauce!" in ji shugaban 'yan banga.

"Yaron gidana ne."

"Wane yaro? Waɗanda sunka kwashe mana mutane bara ma yaran wani gida ne. Wa ke ciki?"

"Wancan ne. Mai fentin nan."

"Ba mu san wancan ba! Suna, Alhaji, ko ka kauce mu saki wuta!"

Alhaji ya dubi bindigogin, ya ga yatsan wani saurayi cikin 'yan bangan ya riga ya hau kunamar bindiga. Sai ya kai lasifika baki.

"Awwalu ne! Muhammadu Awwal! Ɗana ne, ɗan hwarina! Wallahi sai ku harbe ni kahin ku taɓa mani Awwalu!"

Lasifikar mai magani ba ta taɓa yin aiki kamar ranar ba. Waɗanda ke kwance cikin gonar dawa sun ji. Waɗanda ke ƙarƙashin tirela sun ji. Har cikin gidaje an ji. Muryar dattijon ta fashe a tsakiya, ya sake maimaitawa, bai daina ba sai da bindigogi suka sauka.

Awwalu kuwa, abin da ya gani ta ramukan nan shi ne bayan rigar ubansa tana karkarwa. Abin da ya ji kuma numfashinsa ne.

Mataki na takwas: Tattara sakamako

Aka yanke igiya aka cire kan. Kafin Awwalu ya share gumi daga ido, Alhaji ya riga ya juya baya ya mayar wa mai magani lasifikarsa. "A kwashe tarkacen ga daga hanya, motar Funtuwa za ta hita," ya ce. "Wancan kuma a ba shi ruwa."

Laraba ta dawo neman tukunyarta, ta tsaya a kan Awwalu tana share ido da bakin zane. "Kai yaro, ka ji abin da babanka ya hwaɗa?"

"Mi ya ce?"

Ta dube shi, ta dubi tulin soson nan a ƙasa, ta ce, "Innalillahi."

Daga bakin mutane labarin ya same shi. Ya bi tasha yana neman wanda ya ɗauka a waya. A garin da ko akuya ce ta haihu sai an yi mata bidiyo, ranar ba wanda ya ɗauki komai, kowa ta kansa yake yi. Malaminsa na makaranta ya ce aikin da ba hotonsa ba a yi shi ba, sai ya dawo baɗi. Wannan Awwalu ko a jikinsa. Ya sa Mansura ta tambayi mahaifiyarsu, uwar ta ce ita daka take yi lokacin, ta juya fuska bango. Malam Yahuza ya gwada taɓo wa Alhaji zancen bayan la'asar, Alhaji ya ce lasifikar masu magani ba abin yarda ba ce.

Kada kuma ka ce ai sai a sake wani dodon mai siririn kai. 'Yan banga sun yi shela, duk wanda ya ƙara rufe fuska a garin nan, ko amarya ce, ya kuka da kansa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo bayan bin shawararsa. Miyar da ta zube, ƙafar da ta gurɗe, takalman da suka ɓata da zawon da ya kama wakilin ɗan siyasa, duk a tuntuɓi kwamiti. Alkawarin da ya yi shi ne gari ba zai manta da kai ba, bai ce za ka ji komai da kunnenka ba. Wanda ya ga soso ya yi masa kauri, katifar gidansu ce, shi ya yanka da hannunsa.

Kuma don Allah a daina turo min Awwalu. Wai an ce masa na iya kwaikwayon murya. Ya same ni a rumfar mai shayi, ya durƙusa ya ce, "Malam, yi mani yadda ya hwaɗa." Na gyara maƙogwaro na yi masa iya ƙoƙarina, har da fashewar nan ta tsakiya. Ya rufe ido ya saurara har ƙarshe. Sannan ya girgiza kai ya ce ba haka muryar Baba take ba, amma in sake.